Dakta Mijinyawa da Yaƙin Gashin Hanci

Duk wanda ya zauna a unguwar Mil Tu ta Diobu a daminar da sojan tarayya suka shiga Fatakwal, in ka ambata masa Mijinyawa sai ya gama dariya kafin ya amsa maka. Shekarar alif ɗari tara da sittin da takwas ke nan. Yaƙi bai ƙare ba, ana jiwo manyan bindigogi daga can nesa kamar tsawa. Hausawan da suka gudu Arewa lokacin rikici sun soma dawowa a bayan motocin soja, masu goro da masu shayi da 'yan dako. Gidaje da yawa babu kowa a ciki. Gishiri ya yi wuya, magani kuwa ya fi gishiri wuya.

Mijinyawa yana cikin waɗanda suka fara dawowa. Kafin rikici aikinsa wanke kwalabe a kemis ɗin wani Ibo. Da ya dawo ya tarar da kemis ɗin a buɗe, mai shi ya gudu, an kwashe komai, sai wata farar riga da ke rataye a bayan ƙofa da abin awon ƙirji mai kunne ɗaya. Ya zura rigar, ya rataya abin a wuya, ya fito yana taku ɗai-ɗai. Tun daga ranar, in ba ka ce masa Dakta ba, ba ya waiwayowa.

"Shekara da shekaru ina cikin magani," in ji shi a rumfar da ake taruwa a ƙofar gidan hayar Hausawa. "Akwai maganin da in na sansana kwalbarsa, daga nan zaune zan gaya maka ƙasar da aka yi shi."

"Kwalbar ka sani," in ji Barira mai tuwo, ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba. "Ai sai an juye abin ciki ake miƙo maka."

Barira 'yar garinsu ce, kuma ta girme shi nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu a rikicin, ta dawo ta kafa tukunyarta a inda ta bar ta. Ita kaɗai ce ba ta ce masa Dakta, shi kuma ba shi da bakin ce mata komai sai Yaya.

Ana nan sai Baba Na'Allah, Sarkin Hausawan unguwar, ya kawo labari bayan sallar la'asar. Ya ce likitan soja, wani Kyaftin, zai zo ranar Asabar ta sama ya zaɓi mutum ɗaya da za a naɗa duba-gari na Mil Tu, don ana tsoron ɓarkewar annoba. Za a ba shi kaki da hular kwano da keke.

Da Mijinyawa ya ji keke, sai ya miƙe tsaye.

"Baba, a gaya wa Kyaftin kada ya wahalar da kansa. An riga an samu. Ni kafin Asabar ɗin ma zan kori cuta daga Mil Tu, in ya zo sai dai ya duba aiki ya sa hannu."

"Da wane maganin?" in ji Ya'u mai shayi. "Ko ƙwayar ciwon kai babu a garin nan."

"Magani na jahilai ne. Ku saurara ku ƙaru. Mutum kwalba ne. Me ke ɓata magani a kwalba? Datti. To majina datti ce. Daudar kunne datti ce. Maiƙon fata, tsamin ciki, gashin hanci, duk datti ne, a nan cuta ke samun shimfiɗa ta kwanta. A wanke mutum ciki da waje kamar yadda nake wanke kwalba, sai cuta ta zo ta rasa wurin zama ta ƙara gaba."

Baba Na'Allah ya shafa gemu. "To Dakta, kana nufin Allah ya halicci gashin hanci a banza ke nan?"

"Baba, ai ciyawa ma Allah ya halitta, amma nome ta ake yi."

Wasu suka ce lallai akwai magana a nan. Barira ta ce akwai magana kam, amma hankali ne babu.

Washegari da hantsi ya fara aiki, kuma da kansa ya fara, don a ga misali. Ya jingina ɓallin madubi a jikin tukunyar shayin Ya'u, ya fito da matsefata, ya sa a hanci, ya fizgo. Hawaye suka zubo masa shar.

"Dakta, kuka kake yi?"

"Datti ne ke fita ta ido. Wannan ma riba ce."

Ya yi ta fizga yana ɗaga kowane gashi sama don jama'a su gani, kamar mafarauci da wutsiyar ɓauna. Atishawa ta taso masa, ya matse hanci ya danne ta har idanunsa suka firfito. Ya ce daga yau ya daina atishawa, domin atishawa alamar rauni ce, ba a taɓa jin kwalba ta yi ba. Da ya gama, ya ɗaga kai sama, ya ce kowa ya matso ya leƙa ya ga yadda hanci ya kamata ya zama. Ya ja numfashi mai tsawo don a ji yadda iska ke wucewa babu shamaki. Wani ɗan ƙwaron fadama da ke shawagi a kan sukarin Ya'u ya bi iskar ya shige, bai tarar da mai tambayarsa daga ina ba.

Mijinyawa ya yi tsalle. Ya yi ta buga goshi da tafin hannu, yana juyi a tsakiyar rumfa, abin awon ƙirji yana dukansa a haɓa. Atishawa ɗaya za ta fitar da ƙwaron, amma ya riga ya yi rantsuwa a gaban mutane. Sai ya tsaya cik, ya zuƙa, ya haɗiye.

"Ina ƙwaron, Dakta?"

"Na tura shi ciki. Can zai gamu da hukunci."

Ya'u ne ya fara ba da kansa, domin Mijinyawa ya yi masa alkawarin in aka wanke masa kunne zai riƙa jin labaran rediyo tun kafin mai karantawa ya buɗe baki. Aka zaunar da shi a benci, aka yi ta soka masa gashin kaza da ruwan sabulun soda, har kunnen dama ya yi fes yana ƙyalli. Bai daɗe ba kunnen ya bushe, ya kama ƙaiƙayi, Ya'u ya yi ta susa da tsinken ashana, ciki ya kumbura ya toshe. Mai saye ya zo ta dama ya ce, "Ya'u, ba ni shayi," sai Ya'u ya ajiye kofi ya ce, "Inna lillahi! Yaushe ya rasu?" Tun daga nan duk wanda ya hango farar riga ta doso shi sai ya ja hula ya rufe kunnuwa.

Wannan bai karya wa Dakta gwiwa ba. Ya ce kunnen Ya'u ne ya saba da ƙazanta, tsabta ta zo masa a baƙuwa. Ya koma kan fatarsa. Safe da yamma yana bayan gida da soso da yashin bakin ruwa da sabulun soda, yana dirza har sai ya ji fata tana ƙara kamar kwalba in an goga yatsa. Da farko ya yi sheƙi, har wani soja ya tambaye shi wane mai yake shafawa. Daga baya sheƙin ya koma fari-fari, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Ciki kuma ya sa masa ruwan kanwa, kofi guda kafin abinci, kofi guda bayan abinci, wai don a kashe tsami.

"Mijinyawa," in ji Barira, "kanwar da nake ajiyewa don miyar kuɓewa ce kake shanyewa?"

"Yaya, ilimi nake yi."

"Ilimin nan zai fito ta inda ba ka zata ba."

Da a kansa kawai abin ya tsaya, da dariya ce zalla. Amma akwai Kallamu.

Kallamu ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ƙato mai sanyin hali, bai daɗe da zuwa daga ƙasar Haɗeja ba. Ƙafarsa ita ce jarinsa, da ita yake ciyar da iyayensa a gida. Wata rana yana sauke buhunan soja, waya mai ƙaya ta yage shi a ƙwauri. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, ɓawo ya soma rufe bakin ciwon. Bai taɓa shiga asibiti ba tunda aka haife shi, saboda haka da ya ga farar riga sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe Dakta, a taimaka."

Mijinyawa ya ɗora abin awon ƙirji a kan ƙwaurin, ya rufe ido, ya saurara.

"Na ji ta. Tana numfashi. Ka ga jan nan? Cuta ce. Zafin nan? Cuta. Kumburin nan kuwa hawa take son yi ta kai ciki. Za mu tare mata hanya."

Ya samo robar tsohuwar tayar keke ya ɗaure ƙafar tamau a ƙasan gwiwa. Ya sa farce ya ɓamɓare ɓawon, ya ce murfi ne cuta ta yi wa kanta. Ya dirje ciwon da sabulun soda. Kallamu ya cije leɓe, gumi yana tsattsafo masa. Da safe Barira ta kwance robar a ɓoye, da rana Dakta ya gani ya mayar. Duk lokacin da sabon ɓawo ya fito sai ya cire shi.

"Ka bar ƙafar bawan Allah nan," in ji Barira. "Tun da muka taso, ciwo in ya yi ɓawo ba a taɓa shi."

"Shi ya sa kuka tsufa a jahilci. Mai tuwo ta tsaya a kan tuwo."

Ƙafa ta ƙara hawa. Kaluluwa ta fito wa Kallamu a matsematsi, zazzaɓi ya rufe shi, ya daina zuwa tasha. Yana kwance a tabarma a gefen rumfa, in an gaishe shi sai ya ɗaga yatsa kawai. Dakta yana gaya wa mutane cewa cuta ce ke shure-shuren mutuwa.

Ranar Alhamis da azahar sai ga wata mata da fararen kaya da ɗan kwano a hannu. Sista Magdalena ce, nas a asibitin soja, mutuniyar Kagoro. An gaya mata akwai mai tuwo da miyar kuka a Mil Tu, ita kuwa ta gaji da garin rogo. Ta gaida Baba Na'Allah har ƙasa, ta gaida Barira, ta miƙa kwano, sannan idonta ya faɗa kan ƙafar Kallamu. Ta ajiye kwanon.

"Mama, ara mini wuƙa."

Ta yanke robar. Kallamu ya yi wani nishi mai tsawo.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

Mijinyawa ya gyara wuyan riga ya matso. "Ni ne, Dakta Mijinyawa. Sista, kin ɓata mini aiki. Na tsare cuta a ƙasa, kin buɗe mata ƙofa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan abin awon ƙirji mai kunne ɗaya. "A ina Dakta ya yi karatu?"

"A cikin magani tsundum."

"Wanke kwalba," in ji Barira.

Magdalena ta tsuguna tana taɓa ƙafar a hankali. "Malam, jan nan da zafin nan da ka gani, jini ne ya taho da gudu. A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, da su aka haifi kowa. Ba sai sun taɓa ganin cuta ba, ba sa tambayar sunanta. Da zarar fata ta yage, ƙwayar cuta ta shiga, sai su taru a wurin su yi ta cinye ta. Kumburin nan taronsu ne. Mugunyar nan gawarwakinsu ne da na abin da suka kashe. Kai kuma ka ɗaure hanyar da suke bi. Ɓawon da kake cirewa, jiki ne ke rufe ƙofa don kada wasu su ƙara shiga."

"To zazzaɓin fa?" in ji Mijinyawa, yana kallon jama'a yana murmushi. "Shi ma za ki ce alheri ne?"

"Jiki ne ke hura wuta don ƙwayoyin cuta su kasa hayayyafa. In ya yi yawa mukan sauke shi, amma ba a banza yake zuwa ba."

"Kun ji ko? Saura ta ce majina ma magani ce."

"Tarko ce. Ita da gashin hanci ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, atishawa ta watso su waje. Hawaye yana wanke ido, yana kashe wasunsu. Daudar kunne tana hana ƙwari da ruwa yin ɓarna."

Ya'u ya karkato kunnen hagu. "Me ta ce game da kunne?"

"Ta ce an cuce ka," in ji Barira da ƙarfi.

"Sista," in ji Mijinyawa, "kin taɓa ganin fararen ƙwayoyin nan da idonki?"

"Na gani, a madubin likita."

"To ni jini ja na sani. Duk kazar da na yanka ban ga fari a ciki ba."

Magdalena ta nuna wa Baba Na'Allah wani jan layi da ya taso daga ciwon ya nufi cinya. "Baba, wannan ya fi ƙarfin jiki shi kaɗai yanzu. Sai an taimaka masa da allura, kuma yau ɗin nan. In aka kwana biyu, ƙafar za a yi magana a kai, in ma ba ran ba."

'Yan dako suka kawo kurar da suke tura kaya, aka shimfiɗa buhu aka ɗora Kallamu. Barira ta cika kwanon Sista da tuwo ta bi su da shi har bakin titi. Ba su gama shan kwana ba Mijinyawa ya soma bayani, wai saura ƙiris ya gama warkar da mutum aka zo aka sace masa shi don a ci sunan.

Ranar Juma'a ya tashi da abubuwa uku. Hancinsa, inda ya fizge gashi, ya yi ƙurji daga ciki, ya kumbura ya yi ja kamar tumatir, ga majina tana zuba ba tsayawa. Fatar da ya dirje kuwa ta fitar masa da maruru a mazaunai, babba, wanda ya hana shi zama sai a karkace. Na uku, mutane sun soma kallonsa da gefen ido. Wannan na ukun ya fi damunsa, saboda haka ya nemi abin da zai dawo da martabarsa. Da yamma ya tarar Barira za ta zubar da wani kifi da ya kwana ya wuni, wanda ta miƙa wa kyanwa, kyanwa ta sansana ta bar wurin.

"Kawo nan, Yaya. Jama'a ku shaida. Cikin da aka wanke da kanwa ba abin da zai zauna a cikinsa."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa," in ji Barira.

Ya cinye kifin har kai, ya kora da kofin kanwa, ya yi gyatsa, ya nemi a tafa masa.

Asabar ta zo. Aka share ƙofar gida, aka jera benci, aka aro kujera mai hannu don Kyaftin. Ya iso a motar soja da keken a baya, sabo fil, ƙararrawarsa tana walƙiya. Bayarabe ne, ba ya jin Hausa, saboda haka ya taho da mai yi masa tafinta. Da mai tafintar ta sauko daga mota sai Mijinyawa ya ji wani abu ya juya a cikinsa, bai sani ba ko kifi ne ko Sista Magdalena.

Masu neman aikin su biyu ne. Ɗayan wani Lukas ne mutumin Kafanchan, wanda ya miƙe ya ce shi dai zai sa a yashe kwatoci a rufe masai, ya koma ya zauna. Sai Baba Na'Allah ya ce saura Dakta.

Mijinyawa ya fito. Ya wanke farar riga ya sa mata bula. Ya cusa auduga a kowace ƙofar hanci don kada a ga majina, saboda haka muryarsa tana fita kamar ta agwagwa. Yana tafiya yana buɗa ƙafafu saboda maruru.

Kyaftin ya dube shi ya ce, "Oga Dokita, wetin do ya nose?"

"Yana tambaya me ya sami hancinka," in ji Magdalena.

"Ki gaya masa ƙarfin jini ne. Ki gaya masa mutumin da ke gabansa ya kori datti daga jikinsa kaf. Ba gashin hanci, ba maiƙo, ba tsami. Rabona da atishawa tun makon jiya. In aka ba ni keken nan, kafin wata ya mutu ba za a sami hanci mai gashi ko ɗaya a Mil Tu ba."

Magdalena ta fassara, ba ta rage ba ta ƙara ba. Kyaftin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce a tambaye shi ko shi ne mai robar keke.

"Ni ne! Ashe labari ya kai. Ki ce masa wannan kaɗan ne daga cikin..."

A daidai nan Barira, da ke dafa wa baƙi abinci a bayan rumfa, ta watsa dakakken barkono a cikin mai mai zafi. Ta rantse daga baya cewa ba da gangan ta yi ba, amma ba wanda ya ga ta taɓa soya barkono a gefen da iska ke kaɗawa sai ran nan. Hayaƙi ya taso ya bi ta kan jama'a. Kowa ya yi atishawa ya huta, har Kyaftin. Mijinyawa kaɗai ya tsaya ya ƙame. Ya matse baki. Idanunsa suka kawo ruwa. Ƙirjinsa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, kafaɗunsa suna rawa.

"Sake ta, Dakta!" in ji wani ɗan dako.

Ya girgiza kai.

Da atishawar ta zo, har awakin maƙwabta sai da suka watse. Audugar dama ta tashi ta faɗa cikin kofin shayin Kyaftin. Ta hagu ta manne a gemun Baba Na'Allah. Ƙarfin atishawar ya jefa Mijinyawa baya, ya zauna daɓas a kan benci, daidai a kan maruru. Ya ƙwala ihu ya miƙe, ga bayan farar riga ya yi taswira. Bai gama ihun ba atishawa ta biyu ta zo, ta uku ta biyo ta, duk bashin mako guda. A ta huɗu ne kifi ya ce shi ma a ba shi hanya. Cikin Dakta ya yi wata ƙugi da ta sa wani soja ya waiwaya wajen da ake jiwo bindigogi.

"Ranka ya daɗe," in ji Mijinyawa yana dafe da ciki, "ina zuwa, zan je duba masai."

"Tun ba a ba ka aikin ba?" in ji Barira.

Ya ruga. Abin awon ƙirji ya maƙale a hannun keken da aka jingina, keken ya bi shi yana ƙararrawa, suka faɗi tare, ya tashi ya bar shi nan. Ya isa masai ya tarar a rufe. Ya'u ne a ciki. Ya yi ta dukan ƙofar langa-langa yana kiran sunansa, amma Ya'u kunnen dama ya juyo wa ƙofa.

"Ya'u! Don girman Allah fito!"

"Wa ya rasu?"

Abin da ya faru bayan wannan, mutanen Mil Tu ba sa faɗa in ana cin abinci. Lukas dai ya tafi gida a kan keke. Farar riga kuwa Barira ta ɗauke ta da tsinin sanda, kuma aikin farko da sabon duba-gari ya yi shi ne ba da umurnin a ƙone ta.

Kafin magariba zazzaɓi ya kwantar da Mijinyawa, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa. Kurar da ta ɗauki Kallamu ita ta ɗauke shi, a kife, domin ba ya iya kwanciya da baya. A asibitin soja aka ba shi gado kusa da na Kallamu, wanda kumburinsa ya soma saɓewa, jan layin ya ɓace, har yana zaune yana shan koko. Likita ya ce ƙafa ta tsira.

"Sannu, Dakta," in ji Kallamu, don shi bai iya riƙo ba.

Aka yi ta ɗura wa Mijinyawa ruwan gishiri da sukari. Magdalena ta matse sauran marurun, ta wanke, ta rufe. Ta ce masa fata ganuwa ce, shi ya rushe ta da yashi, tsamin ciki kuma shi ke kashe yawancin abin da mutum ya haɗiya, shi ya kashe shi da kanwa sannan ya aika masa da ruɓaɓɓen kifi. Ya kasa kunne yana saurare, har Kallamu ya zaci nadama ce.

Da Baba Na'Allah da Barira suka zo dubiya, tun daga baranda suka jiwo muryarsa. Yana kife a gado, ya tara marasa lafiya yana ba su karatu.

"Fararen ƙwayoyi ake ce musu. Ni na daɗe da saninsu, gwada su nake yi in ga iya ƙarfinsu. Kun ga mugunyar da aka matse mini? Sai da ta kusa cika kwano. Duk gawar mayaƙa ce. Mutum bai tara irin wannan sai jarumi. Taɓa goshina ka ji, Kallamu. Zazzaɓinka na yara ne, nawa in ka ɗora butar shayi sai ta tafasa. Duk Fatakwal babu mai garkuwar jiki irin tawa."

"Ka ji ɗan banza," in ji Barira. "Ko kunya."

Sai ga Magdalena ta shigo da ɗan faranti, a kai akwai allura mai kauri kamar ta ɗinkin buhu. Ta ɗaga ta sama ta tsirto ruwa. Karatu ya tsaya. Mijinyawa ya ja bargo ya rufe mazaunai, ya matsa jikin bango.

"Sista, wannan ta wane ne?"

"Taka ce."

"Haba Sista! Ba ke kika ce jiki yana da masu tsaronsa ba? A bar su su yi aikinsu mana. Ni ba na son shisshigi a aikin mutane."

"Su suka aiko a kawo musu gudummawa," in ji ta. "Kallamu, riƙe mini ƙafafunsa."

Kallamu ya ajiye kofin koko, ya sauko da ƙafarsa mai lafiya, ya ce, "Ranka ya daɗe Dakta, a yi haƙuri." Ya danne shi kamar buhun shinkafa.